Furotin BDNF da mantuwar tsufa: ana sayensa a kemis ne?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 68, tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma tun bara muka lura mantuwa ta fara yi mata yawa. Takan ajiye abu ta yi ta nema, wani lokaci ta tambaye ni magana ɗaya sau biyu a yini. Na ga wani bidiyo a Facebook ana cewa akwai furotin a ƙwaƙwalwa mai suna BDNF da ke raguwa idan mutum ya tsufa, wai raguwarsa ce ke kawo mantuwa, kuma ana tallar ƙwayoyin da ke ƙara shi. Gaskiya ne? Akwai awon da za a yi mata a ga yawansa, ko in saya mata maganin kawai?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara wa Mama lafiya, Ya saka miki da alheri kan kulawar da kike yi mata. Tambayarki ta ƙunshi abu uku: ko furotin ɗin gaskiya ne, ko ana iya auna shi, da ko ƙwayar da ake talla tana ƙara shi. Na farkon gaskiya ne, kuma masana sun shafe shekara arba'in suna nazarinsa. Awon jini kuwa ba zai gaya miki komai a kan Mama ba, ƙwayar kuma ban ba ki shawarar kashe kuɗinki a kanta ba. Bari in bi miki dalilan daki-daki, domin a cikinsu ne abin da zai amfane ta yake.

Mene ne shi, kuma me yake yi

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kowace kuma tana miƙa rassa ta haɗu da dubban 'yan'uwanta. A waɗannan mahaɗai ne saƙo ke ƙetarawa, kuma duk abin da mutum ya koya ko ya tuna, wasu mahaɗai ne suka ƙara ƙarfi. BDNF yana cikin furotin ɗin da ke raya ƙwayoyin jijiya da ƙarfafa mahaɗansu. Ɗan'uwansa da aka fara ganowa shi ne NGF, wani furotin mai sa jijiya girma, aikin Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen, wanda ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1986. Shi kuwa BDNF a 1982 Yves-Alain Barde da Hans Thoenen suka tace shi a Jamus daga ƙwaƙwalwar alade, kuma sai da suka sarrafa fiye da kilo guda kafin su sami ɗan abin da ido ma ba ya gani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki ƙanƙantar abin da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi.

Masu talla suna kiransa takin ƙwaƙwalwa. Kwatancen ya yi, amma da gyara. Ba irin takin da ake watsawa ko'ina a gona ba ne. Ya fi kama da manomin da ke bin shuka ɗaya bayan ɗaya yana sa ɗan tsunkule a gindin wadda ya ga ta kama. Ƙwayar jijiya tana ƙera BDNF da kanta, ta ajiye shi a 'yan ƙananan jakunkuna kusa da mahaɗa, ba ta sake shi sai mahaɗar ta yi aiki. Idan ya fito sai ya maƙale a wani makarɓi da ake kira TrkB a jikin ƙwayar da ke ɗaya gefen, daga nan mahaɗar ta yi kauri, saƙo ya riƙa wucewa da sauƙi. Mahaɗar da ba ta yi aiki ba, ba ta samun rabo. Ki riƙe wannan, don kusan duk amsarki a kansa ta rataya.

Akwai kuma ɓangaren da bidiyon talla ba ya faɗa. Kafin furotin ɗin ya nuna, yana fitowa ne a doguwar siga da ake kira proBDNF, sai an yanke shi yake zama cikakke. Wannan ɗanyen yana da nasa makarɓin, p75, kuma aikinsa kishiya ne: raunana mahaɗan da ba a bukata, har da datse su. Kamar yadda manomi ke rage shukar da ta yi cunkoso a rami ɗaya ne don sauran su yi ƙwari. Ƙwaƙwalwa mai lafiya tana bukatar duka biyun. Saboda haka maganar "a ƙara shi kawai" ta yi gajarta.

Inda ya fi yawa shi ne wani sashe mai lanƙwasa da ke can ciki daura da kunne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wanda ake kira hipokamfas. Shi ne ƙofar da sabon abu ke bi kafin ya zauna a kai. Shi ya sa tsohuwa za ta ba ki labarin ranar aurenta tiryan-tiryan, amma ta manta abin da kika gaya mata da safe: tsohon labari ya riga ya shige rumbu, sabon ne ke maƙalewa a ƙofa. A wurin tsofaffi masu lafiya ma, wannan sashe yana motsewa da kamar kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a shekara.

Abin da bincike ya nuna a kan tsufa

Tun 1991 aka ga cewa hipokamfas na waɗanda suka rasu da cutar mantuwa ta Alzheimer yana da ƙarancin saƙon ƙera BDNF. Binciken da ya fi burge ni shi ne wanda aka buga a 2016 daga birnin Chicago. An bi tsofaffi 535 ana gwada tunaninsu duk shekara, bayan rasuwarsu kuma aka duba ƙwaƙwalwarsu da izinin da suka bayar tun suna raye. Waɗanda ke sahun sama a ƙera BDNF, tunaninsu ya yi ƙasa a hankali da kusan rabin saurin na waɗanda ke sahun ƙasa. Abin lura shi ne bambancin ya fi fitowa a wurin waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke ɗauke da tabon Alzheimer da yawa. Ma'ana, tabon yana nan, amma mai BDNF da yawa ya fi jure masa. A garin Framingham na Amurka ma an bi mutum sama da 2,000 masu shekara 60 zuwa sama har tsawon shekara goma, aka ga masu yawan BDNF a jini sun fi kuɓuta daga cutar mantuwa, ko da yake hakan ya fito ne a wasu rukunoni, kamar mata da waɗanda suka kai 80, bai bayyana a kowa ba.

Waɗannan binciken sun nuna abu biyu suna tafiya tare, amma ba su rarrabe wanda ke jan wani ba. Ƙwayar jijiya mai lafiya ita ce ke ƙera BDNF, don haka idan cuta ta fara kashe ƙwayoyin dole ya ragu. Raguwarsa tana iya zama sanadi, tana iya zama alama, kuma mafi yawan masana suna ganin duka biyun ne. Wanda ya ce miki ƙarancin BDNF ne ke kawo mantuwa, ya faɗi fiye da abin da aka tabbatar.

Gado ma yana da hannu. Akwai wani ɗan sauyi a ƙwayar gadon BDNF da ake kira Val66Met, wanda ke rage yawan abin da ake saki lokacin da mahaɗa ta yi aiki. Ya yawaita a gabashin Asiya, ana samunsa daidai gwargwado a Turai, amma a wurin baƙar fatar Afirka ba kasafai ake ganinsa ba. Don haka ba abin da zai ɗauke miki hankali ba ne.

Dalilin da awon jini ba shi da amfani a nan

Kusan duk BDNF ɗin da ke cikin jinin mutum yana ƙunshe ne a cikin ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini idan an ji rauni. Idan aka ɗebi jini aka bar shi ya daskare a kwalba, waɗannan ƙwayoyi suna zazzage abin da ke cikinsu, sai adadin ya ninka sau da yawa a kan na jinin da aka hana daskarewa. Jinin da ya zauna minti goma da wanda ya zauna awa guda ba za su ba da lamba ɗaya ba. Lokacin da aka ɗebi jinin, ko mutum ya yi tafiya kafin ya zo, ko yana shan taba, da kamfanin da ya ƙera kayan awon, duk suna sauya sakamako. Ba a kuma tsayar da wata lamba da za a ce daga nan lafiya, ƙasa da nan cuta ba, yadda aka yi wa suga da hawan jini. A bincike, inda ake kwatanta ɗaruruwan mutane da hanya ɗaya, awon yana da ma'ana. A kan mutum ɗaya, takarda ce kawai za a miƙo miki. A asibiti ba ma nemansa wajen duba mai mantuwa.

Ƙwayoyin da ake talla

BDNF furotin ne. Idan aka haɗiye shi, ciki zai narkar da shi yadda yake narkar da ƙwai ko wake. Idan aka yi allurarsa, cikin 'yan mintuna yake ɓacewa daga jini, kuma jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da wani matsattsen shinge da ba ya barin manyan abubuwa irinsa su shiga yadda ya kamata. An gwada wannan da gaske. A 1999 aka buga sakamakon allurarsa ga mutum sama da 1,000 masu cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin motsi, kuma bai cim ma abin da aka sa rai ba. Saboda wannan wahala ce yanzu masu bincike a San Diego ta Amurka suke gwada shigar da ƙwayar gadonsa kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar tiyata, a kan mutane ƙalilan, a matakin farko na gwaji. Abin da sai an huda ƙoƙon kai ake isar da shi, ba a cikin roba mai ƙwaya sittin za ki same shi ba.

Masu talla sun san haka, shi ya sa suke cewa ƙwayarsu tana sa jiki ya ƙera shi. Yawanci abin da ke ciki shi ne ɓawon 'ya'yan kofi, ko kurkum, ko man kifi, ko wani naman kaza. Hujjarsu ba ta wuce gwaji a kan ɓeraye, ko mutane 'yan kaɗan da aka auna jininsu bayan awa ɗaya ko biyu aka ga lamba ta hau. Kin riga kin ga darajar wannan lambar. Babu ɗaya daga cikinsu da aka nuna ya hana cutar mantuwa a babban gwaji. Ga mai shan maganin hawan jini da suga kuma akwai haɗari, domin kurkum mai ƙarfi da man kifi mai yawa suna iya ƙara saurin zubar jini ga mai shan asfirin ko maganin tsinka jini, kuma kayan da ake sayarwa ta intanet ba kullum abin da aka rubuta a jiki ne ke ciki ba.

Abin da ke ƙara shi da gaske

Motsa jiki ne ya fi kowane abu hujja. A 1995 aka ga ɓerayen da aka ba keken gudu sun ƙara ƙera BDNF a hipokamfas cikin 'yan kwanaki. Tsoka mai aiki tana zuba wasu sinadarai a jini, hanta ma tana ƙara nata, jini kuma yana ƙara gudu zuwa kai, waɗannan su ke zaburar da ƙwayoyin jijiya. Gwajin da ya fi dacewa da Mama shi ne na 2011 a Amurka, a kan tsofaffi 120 da ba su saba motsa jiki ba. An raba su biyu. Rabi suna tafiya da ƙafa sau uku a mako, rabi suna miƙe gaɓoɓi kawai. Masu tafiyar sun fara da minti 10, ana ƙara minti 5 duk mako har suka kai minti 40 a mako na bakwai, suka tsaya a haka. Bayan shekara guda hoton ƙwaƙwalwa ya nuna hipokamfas ɗinsu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari, na ɗaya rukunin kuwa ya ragu da kusan kashi 1.4. A cikin masu tafiyar, waɗanda BDNF ɗinsu ya fi hawa su ne sashen ya fi girma.

Ba kowane gwaji ne ya ba da irin wannan albishir ba. Wani babba da aka buga a 2015, mai mutum 1,635 'yan shekara 70 zuwa 89, bai ga bambanci a tunani ba bayan shekara biyu tsakanin masu motsa jiki da masu halartar darasin kiwon lafiya. Don haka ba na yi wa kowa alkawarin tafiya za ta dawo da abin da ya tafi. Amma ina sa kowane tsoho a kanta, domin ko ba don BDNF ba tana sauke hawan jini, tana daidaita suga, tana gyara barci, kuma waɗannan ukun duk ƙwaƙwalwa suke karewa.

Ga yadda za ki tsara mata. Ki ɗauki tsarin wancan gwajin yadda yake: minti 10 a makon farko, ƙarin 5 duk mako. Lokacin da ya fi shi ne bayan sallar Asuba idan gari ya waye, ko bayan La'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba. Idan fita waje na da wuya, zagaya tsakar gida ya wadatar, muddin ba a tsayawa. Ma'aunin sauri kuwa a bakinta yake: ki riƙa tafiya tare da ita kina janta da hira. Idan tana amsa miki amma numfashinta ya ɗan ɗaga, har ba za ta iya jan doguwar aya ba tare da yankewa ba, saurin ya yi daidai. Idan hira ke gudana kamar tana zaune a tabarma, ta ɗan ƙara. Idan ta kasa haɗa kalma uku, ta rage. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a kai minti 150 a mako, da ƙarfafa tsoka kwana biyu. Na tsokar ba ya bukatar kaya: ta zauna a kujera mai tsayi da aka jingina da bango, ta tashi tsaye ba tare da dafa gwiwa ba, ta koma ta zauna a hankali, sau 8 zuwa 10, ta huta, ta sake zagaye ɗaya.

Inda ake yawan samun matsala wuri uku ne. Na farko zumuɗi: a fara da minti 40 rana ɗaya, gwiwa ta kumbura, shi ke nan an bari. Na biyu faɗuwar suga, musamman ga mai shan maganin suga na glibenclamide ko mai allurar insulin da ta fita ba ta ci komai ba. Alamarsa rawar jiki, gumi da jiri, don haka ta ɗan taɓa abinci kafin ta fita, a kuma riƙe dabino ko alewa a hannu. Na uku ƙafa: mai ciwon suga tana iya jin rauni ba ta sani ba, saboda haka ta sa takalmi rufaffe mai laushi, ba silifa ba, kuma ki duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu duk dare. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri mai ƙarfi, a tsaya a tafi asibiti.

Tunda mahaɗar da ta yi aiki ce ke samun rabo, koyon sabon abu shi ne abokin tafiyar. Sharaɗin shi ne ya zama sabo kuma da ɗan wuya. Maimaita surar da ta haddace tun tana yarinya ibada ce mai lada, amma haddar wadda ba ta taɓa riƙewa ba, aya biyu a rana, ita ce ke sa hipokamfas aiki. Haka komawa Islamiyya, ko koyon sarrafa waya da kanta, ko riƙe lissafin adashi. Kuskuren da 'ya'ya ke yi saboda ƙauna shi ne ɗauke wa uwa komai, a ce ta zauna ta huta. Ku bar mata girkin da take so da cefanen da za ta iya, ku tsaya kusa kawai.

Damuwa mai tsawo tana rage BDNF a hipokamfas ta hanyar sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa idan ana cikin damuwa, magungunan ciwon damuwa kuma suna ɗaga shi. Barci ya zama awa bakwai zuwa takwas, kuma idan tana minshari mai ɗauke numfashi a gaya wa likita. Azumi kuwa, a ɓeraye yana ƙara BDNF, amma wani ƙaramin gwaji a New Zealand a 2023 bai ga sauyi a jinin mutane ba bayan awa 20 ba ci. Kada a ɗora wa mai ciwon suga azumin nafila da sunan gyaran ƙwaƙwalwa ba tare da shawarar likitanta ba.

Kafin komai, a kai ta a duba

Ba zan iya sanin abin da ke damun Mama daga saƙo ba. Ajiye carbi a manta, a tuna bayan an jima, wannan tsufa ne. Maimaita tambaya, barin tukunya a wuta, rikicewa a lissafin kuɗin da ta saba, ko ɓata a hanyar gidan da take zuwa shekara da shekaru, waɗannan suna bukatar gwaji. Kuma a wurin mai hawan jini da suga, abin da muke fara zargi shi ne lalacewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, ba ƙarancin wani furotin ba. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda ake iya gyarawa, da suka ƙunshi kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa, kuma hawan jini, suga, raunin ji, raunin gani, damuwa da kaɗaici duk suna ciki.

Ki tafi da ita da kanki, domin likita yana bukatar bakin wanda ke zaune da ita. Ki zuba duk magungunanta a leda ki kai, har da na kemis da na gargajiya. Piriton, diazepam da amitriptyline da ake yawan ba masu zafin ƙafa duk suna dusashe tunanin tsoho, amma kada ki tsayar da kowanne da kanki. Ki nemi a auna bitamin B12, musamman idan ta daɗe a kan maganin suga na metformin, domin yana rage shi, kuma ƙarancinsa yana kawo mantuwar da ake magancewa. A duba aikin tayirod (ƙullin da ke gaban wuya, wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo), da ƙoda, da yawan jini, da awon HbA1c mai nuna matsakaicin suga na wata uku. A gwada jinta da ganinta, don wadda ba ta ji magana sosai ba za a ɗauka mantawa ta yi, yanar ido kuma ana cire ta da tiyata ta ɗan lokaci. Idan kuwa wata rana ta rikice farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, kada a jira ranar ganin likita, a kai ta sashen gaggawa a wannan sa'ar.